Naman Jego da Ya Sake Daskarewa

Akwai wata mace a wani gari, mai kula da gidanta ƙwarai, wadda ba ta iya ganin an zubar da ko loma ɗaya ta tuwo. Maƙwabta suna kiranta Maman Damaris, da sunan 'yarta ta fari. A gidan da aka san yunwa ta tashi, shi ya sa idan miya ta kwana ta yi tsami, ko tumatir ya ruɓe a kwando, sai ta wuni ranta a ɓace.

Mijinta direban babbar mota ne, ba ya cika zama a gida. Wata shekara ya dawo daga tafiya ya kawo mata firiza, fara, doguwa, mai murfi a sama, aka ajiye ta a kusurwar falo. Mutumin da ya zo haɗa mata wuta ya bar wa matar magana ɗaya kafin ya tafi. Ya ce idan an ɗauke wuta kada ta buɗe murfin, sanyin da ke ciki zai riƙe kayan har wuta ta dawo. Matar ta riƙe maganar nan da hannu biyu.

Firizar kuwa ta yi mata amfani. Lokacin da tumatir da tattasai suka yi araha, sai ta markaɗa, ta tafasa, ta ƙulla a leda ta jera. Ragowar miya ba ta ƙara yin tsami ba. Kifin da maigida ya kawo daga hanya yakan kai su wata guda. Gidan ya daina asara, kuma wannan abu ne mai kyau, babu wanda zai ce ba haka ba.

A bayan katangarta akwai wata tsohuwa mai suna Liyatu, kowa yana ce mata Gwaggo. Mace ce mai tsokana. Takan leƙo ta ce tun da aka kawo farar saniyar nan gidan, karnukan unguwa duk sun rame, don ko ƙashi ba ya fitowa. Maman Damaris takan yi dariya ta ce zamanin banda da hayaƙi ya wuce, Gwaggo ta huta.

Ana nan sai Damaris, wadda ta yi aure a wani gari, ta sami ciki na fari. Bisa al'ada gidan iyayenta za ta zo ta haihu, uwarta ta yi mata wankan jego, ta ciyar da ita har ta mayar da ƙarfinta. Kowa ya san maijego nama take bukata, da romo mai zafi, mai yaji. Sai uwar ta fara tari. Ƙafar saniya yau, kan rago wani mako, kaji idan ta samu. Da aka yi watanda lokacin Kirsimeti, aka yanka sa aka raba, ba ta bari an ci rabin kasonsu ba, ta kai firiza. Ita mace ce mai alkunya, ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta a gaban mutane ba, balle ta ce tana ƙaunarta. Abin da bakinta bai faɗa ba, cikin akwatin nan ta zuba shi, har ya cika, murfin yana rufuwa da ƙyar.

Da bazara ta tsananta, cikin ya kusa watansa, sai wata rana da tsakar rana aka ji ƙara a bakin titi, hayaƙi ya tashi. Taransifomar unguwa ta ƙone. Masu wuta suka zo suka duba, suka ce gobe za a gyara. Kashegari ma gobe suka ce.

Maman Damaris ta ɗauko barguna ta lulluɓe firizar, ta hana kowa zuwa kusa da ita. Ta nemi janareto a maƙwabta, wanda aka samu ƙarami ne, ba zai iya ɗaukarta ba. Maigida yana can kan hanya.

Da aka kwana biyu babu labari, Gwaggo Liyatu ta shigo tana dogara sanda. Ta zauna ta kalli bargunan, ta tambaya ko saniyar zazzaɓi take yi. Sa'an nan ta bar wasa. Ta ce wutar nan ba ta da ranar dawowa, ta ga irinta. Ta ce a buɗe yanzu tun naman yana da sauran sanyi, ita za ta kira matan zumunta, a hura murhu uku, wani a soya shi ƙarau a nutsar cikin mai, wani a yi banda, ƙafafuwan a babbake a ƙyafe. Kafin rana ta faɗi an gama, kuma naman zai jira maijego lafiya.

Matar ta san gaskiya Gwaggo ta faɗa. Amma ta san wani abu kuma. Matan da suka yi aikin suya ba sa komawa gida hannu wofi, kowacce sai an ƙulla mata nata. Za su ga yawan abin da ta tara, su kai labari. Kuma ita da ta ce zamanin hayaƙi ya wuce, ita ce za ta tsuguna tana fifita itace a gabansu.

"Gwaggo, mai gyaran da ya haɗa ta ya ce kada a buɗe. Idan na buɗe, sanyin ne zai gudu."

"Na kwana nawa ya ce miki, 'yata?"

"Bai faɗa ba."

"To, ke kuma ba ki tambaya ba."

Tsohuwar ta tashi ta tafi abinta.

Daga ranar nan matar ba ta ƙara samun kwanciyar rai ba. Gidan ya yi tsit, don ta saba da gurnanin firizar har ba ta jin sa, sai yanzu da ya ɗauke take jin rashinsa a ko'ina. Kowace safiya takan cusa hannu ƙarƙashin bargo ta taɓa jikin akwatin. Da fari yana da sanyi. Bayan haka ya zama kamar bango. Wata safiya ta taɓa ta ji ɗumi, ta janye hannunta da sauri kamar ta taɓa maciji.

Sai ruwa ya fara fitowa daga ƙasa. Da fari fari ne tas, tana gogewa tana cewa ƙanƙara ce kawai. Daga baya ya koma ja-ja, yana bin layin siminti zuwa bakin ƙofa. Takan goge shi tun kafin kowa ya shigo, ta wanke tsumman a bayan ɗaki. Manyan ƙudaje masu koren baya, waɗanda ba ta taɓa gani a falonta ba, suka fara sauka a kan bargon, suna bin gefen murfin kamar masu neman ƙofa. Ta saka turaren wuta. Ta rufe tagogi.

Sau da yawa takan tsaya a gaban firizar, yatsunta a ƙarƙashin murfin. Ɗagawa kaɗai ya rage. Sai ta ce a ranta idan naman yana nan lafiya, buɗewar ce za ta lalata shi. Idan kuma ya riga ya lalace, to me buɗewar za ta ƙara mata in ban da gani? Da wannan lissafi take sakin murfin ta koma ta zauna. Ta yi addu'a sosai a kwanakin nan. Amma abu ɗaya take roƙo, a kawo wuta. Ba ta taɓa roƙon ƙarfin halin dubawa ba.

Bayan kwanaki masu yawa, wata yamma, aka ji yaran unguwa suna ihun an kawo wuta. Firizar ta yi tari, ta kama gurnani. Matar ta durƙusa a tsakar falo ta yi godiya har da hawaye. Duk da haka ba ta buɗe ba, sai da ta bar ta ta kwana ta wuni tana aiki.

Da ta ɗaga murfin, farin tururin sanyi ya taso, tare da ɗan wari kaɗan da bai daɗe ba ya wuce. Komai ya daskare. Ta ƙwanƙwasa da hannu, tauri kamar dutse. Amma ita mace ce mai ido, ta kuwa gani. Ledojin da ta jera ɗaya-ɗaya sun narke sun kwanta a kan juna, sun haɗe sun zama curi guda. Wasu sun kumbura suka daskare a kumbure. A can ƙasa jini ya taru ya zama baƙin faifai. Gefen naman ya yi launin toka, wani wurin yana neman komawa kore. Ta kalli wannan duka, ta mayar da murfin a hankali, ta ce Allah ya rufa asiri.

Gwaggo Liyatu ta leƙo ta katanga ta tambayi lafiyar saniya. Matar ta ce ta warke sarai, komai yana nan da ƙarfinsa, ko da gatari sai an sha wuya.

Tsohuwar ta ce, "Gawa ma takan sandare."

Matar ta yi kamar ba ta ji ba. Amma maganar ta bi ta har ɗaki.

Ba a daɗe ba Damaris ta iso, ta haifi ɗa namiji. Haihuwar ta zo da wuya, ta zubar da jini, ta fito a galabaice. Ungozoma ta ce a ba ta abinci mai kyau, a dage da romo. Aka fara wanka da ruwan zafi, aka dama kunun kanwa. Mata suna shigowa barka, kowacce tana cewa ai wannan maijego ta more, uwarta ta daɗe tana shiri.

Da safe Maman Damaris ta shiga falo ita kaɗai da taɓarya, ta fasa curin, ta ciro ƙafar saniya da wani yanki na naman watanda. Ta kai bayan madafa inda ba kowa, ta saka a ruwa. Ƙanƙarar tana narkewa, warin yana farkawa. Wannan karon bai wuce ba. Naman ya yi santsi, yatsa yana nutsewa a cikinsa.

Ta tsaya da kwanon a hannunta. Za ta iya zubarwa. Amma idan ta zubar da wannan, to dukan abin da ke cikin akwatin ta zubar ke nan. Dole kuma ta fita ta gaya wa matan da ke yabonta cewa babu komai, watannin tarin nan duk ruɓa ne. Ta ce a ranta wuta tana kashe kowace cuta. Ta wanke naman da gishiri da lemun tsami, ta sake wankewa. Ta ɗora tukunya ta bar ta tana tafasa fiye da kullum. Ta zuba citta da kanumfari, masoro da kimba, tafarnuwa, barkono, ta ƙara daddawa. Ai abincin maijego ne, ba wanda zai yi mamakin yawan yaji. Ƙamshi ya cika gida har maƙwabta suna santi daga nesa.

Tun tana budurwa ba ta taɓa sauke tukunya ba sai ta ɗiga romon a tafin hannunta ta lasa. Ran nan ta ɗaga ludayin, ta kalle shi, ta mayar.

Ta kai kwanon ɗaki. Damaris ta tashi zaune da ƙyar, jaririn yana barci a gefenta. Ta kurɓa, ta ja iska ta baki, ta yi dariya.

"Mama, wannan yaji haka, kamar kina fushi da ni?"

"Ci, ki bar surutu. Shi ne zai gyara miki ciki."

Yarinyar ta ci da yunwar mai haihuwa. Uwar tana tsaye a bakin ƙofa tana bin kowane cokali da ido, daga kwano zuwa baki. Sau biyu ta yi niyyar hana ta ci, ta fasa. Damaris ta tsotse ƙashin, ta shanye romon, ta miƙa kwanon ta ce Allah ya saka wa Mama.

Kafin la'asar ciki ya fara murɗa mata. Sai amai, sai gudawa, ba tsayawa. Zufa mai sanyi ta rufe ta, idanunta suka faɗa, leɓunanta suka bushe. Aka sa mata jaririn a nono, hannunta ya kasa riƙe shi. Mata suka cika ɗakin, kowacce da nata. Wata ta ce ruwan wankan bai yi zafi ba, sanyi ya shige ta. Wata ta ce ragowar jinin haihuwa ne. Gwaggo Liyatu ta matso. Ta karɓi jaririn ta saɓa a kafaɗa, ta dubi Maman Damaris sau ɗaya, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Wani maƙwabci ya ɗauke su a motarsa zuwa asibiti. Nas ɗin da ta karɓe su, mace ce babba mai magana a hankali, ta tambayi me maijego ta ci. Uwar ta ce kunu da farfesu, abin da kowace maijego take ci. Babu ƙarya a cikin maganar, ko kalma ɗaya. Saboda haka hankalin masu jinya ya koma kan haihuwar, suka shiga binciken ko wani abu ne ya saura a mahaifa.

Uwar ta zauna a benci a bakin ɗakin. Tana ganin ƙafafun 'yarta ta ƙasan labule, sun daina motsi. Tana jin ana kiran sunanta, Damaris, Damaris, amsar tana ƙara yin nisa. Sunan da ita ba ta taɓa kira da ƙarfi ba, ga baƙi suna ta kiransa, mai shi ba ta iya amsawa.

Nas ɗin ta fito ta tsaya a kanta. Ta ce ba su sami komai a wajen haihuwar ba, jikin kuma yana ta sanyi. Ta sake tambayar farfesun, ko akwai wanda ya ci a gidan ban da maijego.

"Babu."

"Ke da kika dafa fa, Mama? Ko ɗanɗanawa?"

"Ban ɗanɗana ba."

"Don me?"

Nas ɗin tana jira. Sai maganar ta ɓalle daga bakin uwar gaba ɗaya, wutar da aka ɗauke, ruwan ja, ƙudajen, naman da ya narke ya sake daskarewa. Maƙwabcin da ya kawo su yana tsaye yana ji, da wasu mata biyu na unguwa.

Nas ɗin ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da kin faɗa mana tun shigowarku." Ta juya da sauri ta koma ciki.

Aka sauya magani, aka ƙara mata ruwa leda bayan leda. An daɗe ba wanda ya iya cewa za ta tashi ko ba za ta tashi ba. A ƙarshe Ubangiji ya ji tausayi, Damaris ta buɗe ido ta tambayi ɗanta.

Matan zumunta ne suka zo suka kwashe abin da ke cikin firizar. Suka ɗaure hancinsu da ɗankwali, suka haƙa rami mai zurfi a bayan gida, suka binne. Ba wadda ta tafi da komai.

Damaris ta warke, ta kuma ce ta yafe, da gaske kuwa take. Amma daga ranar har yau, duk lokacin da uwarta ta ajiye mata abinci, kafin ta kai loma baki sai ta ɗan sunkuya ta shinshina. Ba ta ma san tana yi ba. Uwar ce take gani, kowane lokaci.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Firizar ba ta da laifi, tanadi ma ba laifi ba ne. Mai hikima yakan ajiye na gobe, ba ya wasa da abin da Allah ya ba shi. Mai gyaran nan ma bai yi ƙarya ba, sai dai maganarsa ta ɗan lokaci ce, matar ta mai da ita mafaka.

Akwatin nan zuciyar mutum ce, inda yake ajiye abin da ya fi ƙauna. Ɗaukewar wuta ita ce lokacin da mutum ya yi nisa da Ubangiji, addu'a ta mutu, wani abu ya fara lalacewa a ɓoye. Wataƙila ƙiyayya ce ga ɗan'uwa, ko amanar aure da aka ci, ko wata ƙarya da ake ta lulluɓewa. A lokacin nan Allah yakan aiko wani ya ce a buɗe tun da sauran gyara. Mukan ƙi, domin buɗewa tana nufin mutane su gani, kuma girmanmu ya ragu.

Ku lura da wannan sosai. Ranar da ta fi haɗari a labarin nan ba ranar da aka ɗauke wuta ba ce. Ranar da aka dawo da ita ce. Wahala ta wuce, mutum ya koma sujada, ya koma waƙa, kowa yana ganinsa da ƙarfinsa, shi ma sai ya ce ya warke. Sanyi yana tsare abu mai kyau, amma ba ya gyara ruɓaɓɓe, warinsa kawai yake dannewa. Haka wucewar lokaci take ga zunubin da ba a tuba an furta ba. Yajin da matar ta zuba kuwa shi ne yawan hidima da baiko da daɗin baki da muke tulawa a kai. Yana ruɗin hancin mutane, ba ya kashe dafin.

Abin tsoron shi ne, mai ɓoyewa ba kasafai yake fara ci ba. Ya san abin da ke ciki, yana kiyaye bakinsa. Wanda ya amince da shi ne yake ci, matarsa, ko ɗansa, ko wanda yake zaune a gabansa yana koyo. Allah yana gafartawa sarai, amma tabon da ya rage a jikin wanda ya ci daga hannunka, kai za ka zauna kana kallonsa.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa yau, kafin ya bar wurin nan. Akwai wani abu a rayuwata da nake miƙa wa waɗanda nake ƙauna, alhali ni kaina ba zan yarda in ɗanɗana ba? In akwai, kada ka jira wuta. Je ka ɗaga murfin.